Gurbi 4,556, masu nema sama da rabin miliyan: yadda tallan aikin Imigireshin na 2014 ya ƙare da gawarwaki

Jama'a akwai wani lamari da na daɗe ina son in zauna in rubuta shi daga farko har ƙarshe, saboda yaran da ke jami'a yanzu da yawansu ba su san shi ba, lokacin da abin ya faru suna firamare, kuma kullum sai kaga ana turo musu tallan aiki a waya suna turawa gaba ko karantawa ba su gama yi ba. Maganar ɗaukar aikin hukumar shige da fice ce, wato Imigireshin, wanda aka yi ranar Asabar 15 ga watan Maris na 2014. Mutane sun fita neman aiki da asuba, kafin azahar an fara kai gawa asibiti.

Ni a lokacin ina da ɗan kafe kusa da ƙofar wata jami'a, kwamfutoci kaɗan da firinta ɗaya da ƙaramin janareta, aikina kenan cike wa ɗalibai fom, rijistar makaranta, buga furojet, duba sakamako. Ban nemi aikin ba kuma ban je filin ba. Amma da hannuna na cike wa mutane wannan fom ɗin, na buga musu silif, na ce Allah ya ba da sa'a, shi ya sa har yau abin bai fita a raina ba.

Yadda tallan ya fito

Wajen ƙarshen 2013 ne sanarwar ta fito a jaridu. Akwai hukuma ɗaya da ke kula da ɗaukar ma'aikata na Imigireshin da gidan yari da 'yan kwana-kwana da Sibil Difens, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ministan lokacin shi ne Abba Moro, shugaban ƙasa kuma Goodluck Jonathan. Sai aka ba wani kamfani mai suna Drexel aikin buɗe shafin intanet da za a cike fom. Kowane mai nema zai biya naira 1,000.

Yanzu in ka ce dubu ɗaya yaro zai yi dariya, ko ƙosai da biredi ba za ta ishe shi ba. Amma ku tuna a lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, alawin ɗan bautar ƙasa 19,800, kuma mutanen da ake magana a kansu ko wannan ba sa samu, sun gama makaranta sun gama bautar ƙasa suna zaune a gida, wani shekara biyu wani biyar. Kuma dubu ɗayan ba ita kaɗai ba ce, ga kuɗin kafe, ga hoton fasfo, ga fotokofi na satifiket da takardar haihuwa da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ga kuɗin mota zuwa banki. Akwai wani yaro da ba zan manta ba, ya karanta lissafi, ya zo da takardunsa cikin wata jakar leda mai maɓalli duk gefenta ya tsage ya liƙe da salatif, da muka zo wajen biya sai ya ciro kuɗin a ƙulle cikin ledar burodi, 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, yace Malam na mahaifiyata ne, na ƙuli-ƙuli. Ya tsaya a bayana yana kallon yadda nake rubuta sunansa harafi bayan harafi don kada a samu kuskure. Irin waɗannan ne suka tara kuɗin da za ku ji yanzu.

Guraben da ake da su 4,556 ne. Ministan da kansa ya ce mutum kusan 520,000 ne za su zauna jarabawar. Daga baya da hukumar EFCC ta shigar da ƙara, lissafin da ta kawo shi ne mutum 676,675 suka biya, wato naira miliyan 676 da ɗoriya. Toh ku ɗauki kalkuleta. Ko da ƙaramin adadin aka yi amfani, mutum 114 ne ke neman kujera ɗaya, in da na EFCC ne kusan 148. In ka raba guraben a kan ƙananan hukumomi 774 da muke da su, kowace ƙaramar hukuma ko mutum shida ba za ta samu cikakku ba. Ƙaramar hukuma guda fa, da duk masu digiri da difloma da NCE da ke cikinta.

Wannan lissafin yana hannun masu shirya abin tun watanni kafin ranar. Shafin intanet ne, kowane biya yana shiga yana ƙirguwa, ba wai mutane ne suka faɗo daga sama ranar Asabar ba.

Ranar

An ce kowa ya zo da farar riga da farin gajeren wando da kambas, saboda bayan jarabawar rubutu akwai gwajin ƙarfin jiki. Satin nan masu gwanjo sun yi ciniki sosai, na ga samari suna zagaye kasuwa suna neman farin wando, waɗanda ba su samu kambas ba suna aro wajen 'yan ƙwallo na unguwa. Kuma aka ce rana ɗaya za a yi a duk faɗin ƙasa, jihohi 36 da Abuja, yawanci a filayen wasa. In ka raba 520,000 gida 37 zaka samu kusan mutum 14,000 a kowane wuri, amma ai ba haka mutane ke rabuwa ba, manyan garuruwa irin su Abuja da Legas da Fatakwal su ne suka kwashi kaso mafi tsoka.

Babban filin wasa na Abuja an gina shi ne don mutum kusan 60,000, kuma ranar ya cika ya batse. Mutane sun fara taruwa tun kafin gari ya waye, wasu ma a nan suka kwana don sun zo daga nesa ba su da kuɗin masauki. Waɗanda suka tsira sun ba 'yan jarida labarin cewa ƙofa ɗaya aka buɗe. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoso, ko a jifan shaiɗan ko a fitowa daga filin idi, ya san yadda abin yake, na baya ba ya ganin abin da ke faruwa a gaba, shi dai yaji ance an buɗe ƙofa sai ya matsa, na bayansa ma ya matsa, na gaba kuma ƙarfe ne a gabansa ba inda zai je, in mutum ɗaya ya faɗi shikenan na kusa da shi ma zai faɗi a kansa, kuma ba wanda ya yi niyyar taka kowa. Mutum bakwai aka tabbatar sun rasu a Abuja kaɗai, aka kai su Babban Asibitin Ƙasa tare da masu raunuka da yawa. An rasa rayuka a filin wasa na Fatakwal, an rasa a Benin, an rasa a Minna. Cikin mamatan har da mata masu ciki. A wasu wuraren jami'an tsaro sun harba barkonon tsohuwa, a wasu sun yi harbi sama don su tarwatsa mutane, wanda kuma ƙara rura gudun ya yi. Gwamnati ta tsaya a kan mutum 15 zuwa 16, jaridu sun kawo fiye da haka.

Ita kanta jarabawar kuma, inda aka samu aka yi ta, ba ta da wata ma'ana. Hotunan suna nan, mutane zaune a kan ciyawa da kan matakala suna rubutu a kan cinya, kafaɗa da kafaɗa, a wasu wuraren takardun tambaya ba su isa ba ana wawaso. Ko da ba wanda ya mutu ranar, dan Allah wa zai zauna ya duba takarda rabin miliyan da aka rubuta a haka har ya ce wannan ya fi wannan cancanta?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wannan ba shi ne karon farko ba. A 2008 ma an rasa rayuka a irin wannan ɗaukar aikin na Imigireshin. Shekara shida kacal tsakani.

Da aka tambayi minista, maganar da ya fara yi ita ce rashin haƙurin masu neman aikin ne ya jawo, sun ƙi bin tsari. Wallahi ranar da naji wannan maganar a rediyo sai da na kashe. Mutumin da ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, da yajin aikin ASUU a tsakiya, ya yi shekara guda yana bautar ƙasa, ya zauna shekaru a gida yana jin gorin 'yan'uwa, ya biya kuɗi ya jira wata da watanni, ya kwana a bakin ƙofar fili, a ce shi ne marar haƙuri.

Bayan nan

Cikin kwanaki kaɗan shugaban ƙasa ya soke jarabawar gaba ɗaya, aka ce za a sake sabuwa ƙarƙashin wani kwamiti. Aka yi alkawarin ba kowane gidan da aka yi rashi guraben aiki uku, waɗanda suka ji rauni kuma a ɗauke su kai tsaye. Kuɗin diyya, naira miliyan 5 ga kowane gida cikin gidaje 15, sai a watan Maris na 2015 aka miƙa, shekara guda cur bayan abin, ana saura makonni kaɗan zaɓe. Majalisar Dattawa ta yi zaman jin bahasi ƙarƙashin kwamitin harkokin cikin gida wanda Sanata Atiku Bagudu ke shugabanta a lokacin, kuma a nan ne abubuwa suka fito fili. Shugaban hukumar Imigireshin na lokacin, David Parradang, ya ce shi ba a tafi da shi a shirin ba. Ku ji fa, hukumar da za a ɗaukar wa ma'aikata, shugabanta yana cewa ba da shi aka tsara ba. A wannan zaman ne kuma aka ji cewa naira miliyan 45 kawai kamfanin ya saki don gudanar da jarabawar. In ka raba wa wurare 37, kowane wuri miliyan ɗaya da 'yan kai kenan, a ce da shi za a yi tsaro da motar asibiti da ruwan sha da buga takardu da masu sa ido na dubban mutane.

Ministan bai sauka ba, ya ci gaba har ƙarshen gwamnatin a 2015. A farkon 2016 EFCC ta gurfanar da shi da wasu manyan jami'an ma'aikatar a babbar kotun tarayya a Abuja, shari'a ta ja shekaru, a ƙarshe kotu ta sallame shi. A 2019 ya zama sanata mai wakiltar Binuwai ta Kudu. Su kuma mutum kusan 2,000 da aka ɗauka a sabon zagayen na 2015, bayan canjin gwamnati aka sallame su daga wuraren horo aka ce su koma gida, suka daɗe suna zarya a Abuja suna neman a mayar da su.

Ina matsalar take

Mutane da yawa in ana maganar nan sai su ce ai rashin aikin yi ne, ƙasar ce ta lalace. Gaskiya ne akwai rashin aikin yi, ba wanda zai musa. Amma rashin aikin yi bai rufe ƙofar fili ba, kuma ba shi ya ce a tara kowa rana ɗaya ba. Ni a ganina tun ranar da aka sa kuɗi a kan fom abin ya karkace. Mai neman ma'aikaci na gaskiya so yake masu nema su ragu, ya tace ya tace har ya kai ga wanda yake buƙata, yawan takardu wahala ce a gare shi. Amma da zarar kowane fom ya zama naira dubu, toh yawan mutane ya zama riba, ba mai sha'awar ya ce wa kowa kai shekarunka sun wuce, ke takardarki ba ta dace da wannan gurbin ba, kai tsayinka bai kai ba. Kuma in ka karɓi kuɗin mutum da wane baki zaka ce masa kada ya zo jarabawa? Dole ka kira kowa. Daga nan sai filin wasa.

Kuma ba wai babu wata hanya ba ce a lokacin. A 2013 hukumar JAMB ta riga ta fara jarabawa ta kwamfuta, zuwa 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, ɗalibai sama da miliyan ɗaya ake raba su rukuni-rukuni cikin kwanaki, kowa da cibiyarsa da ranarsa da lokacinsa a rubuce a silif. Bayanan masu neman aikin nan duk suna cikin kwamfuta, shekaru, jiha, ƙaramar hukuma, irin takarda. Da an so, cikin sati guda za a iya tacewa a fitar da ko mutum goma-goma a kan kowane gurbi, a raba su kwana-kwana a jihohinsu. Yanzu ma ai haka ake yi a hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan Imigireshin ɗin, fom kyauta ne a intanet, a tace, a kira mutum jarabawar kwamfuta, sannan a duba takardu da lafiyar jiki. Ba wata fasaha ce ta sauko daga sama bayan 2014 ba, sai da aka zubar da jini aka yarda a yi abin da dama ana iya yi.

Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba, kuma shi ne ya fi shafar ɗalibai na yanzu. Me ya sa mutum rabin miliyan za su ruga wa talla ɗaya? Saboda ga yawancinsu shi kaɗai ne tallan da suka gani a buɗe, wanda ɗan talaka zai iya cikewa ba sai ya san kowa ba. Ƙa'idar hukumar raba daidai ta tarayya ita ce a tallata guraben gwamnati a jaridun ƙasa aƙalla biyu na tsawon mako shida, amma ma'aikatu da yawa sai su nemi a ɗauke musu wannan sharaɗin, a ɗauki mutane shiru, sai dai kaji ance wane ya fara aiki a wuri kaza. A 2023 da kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya yi bincike a kan cinikin guraben aiki, mutane sun tsaya gaban kwamitin sun faɗi da bakinsu cewa kuɗi suka biya aka ba su takardar ɗaukar aiki. Toh wurare masu maiƙo ana raba su a ɗaki, mai uwa a gindin murhu ya samu, wanda ya rage a fili kuma sai a sa masa kuɗin fom. Har wani abin takaici, bayan 2014 wasu sun mayar da wannan turmutsutsun hujja, wai in an tallata mutane za su yi yawa, gara a yi shiru.

Na biyu kuma maganar gogewa. Ɗauki tallan kamfani mai zaman kansa, zaka ga an rubuta ana son mai gogewar shekara biyu ko uku, wani ma a ce kada ya wuce shekara 26, alhali yaron ya gama jami'ar gwamnati da yajin aiki da bautar ƙasa yana 27. Aikin kaki ba ya tambayar gogewa, su za su horar da kai, shi ya sa mai digirin injiniya da mai digirin Larabci da mai digirin aikin gona duk suka haɗu a layi ɗaya da farin wando. Kuma wannan gogewar da ake nema ai akwai tsarin da aka kafa dominta, SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya fara tun 1973, ɗalibai su fita wata uku ko shida, a wasu kwasa-kwasan har shekara, su koyi aiki a masana'anta ko ofis. Amma ku tambayi duk ɗalibin da ya yi, wa ya taɓa ganin tallan gurbin? Takarda ake ba ka daga makaranta da littafin da za a riƙa sa hannu, ka ɗauki ƙafa ka bi ofis-ofis, maigadi ya ce oga ba ya nan, sakatare ya ce ajiye takardar za a kira ka. Na sha buga wa ɗalibai kwafi goma goma na wannan wasiƙar. Wanda babansa ya san wani a waya ɗaya an gama, wanda bai san kowa ba in wata ya wuce bai samu ba sai ya nemi inda za a buga masa hatimi kawai ya koma gida ya zauna. Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar abinci ta taɓa ce min wata shidan nan duka a shagon ɗinkin yayarta ta yi su, don ba inda ya karɓe ta, littafin kuma daga na ƙawarta ta kwafa. Ba ragwanta ba ce, na ga takardun da ta rarraba. Irin wannan in ta gama aka ce kawo gogewa me za ta kawo? Sai ta jira ranar da za a buɗe fom ɗin kaki.

Nan ne nake ganin laifin jami'o'inmu, kuma ina faɗa ne da ƙauna don a bakin ƙofarsu na ci abinci shekaru. Jami'a ta san kamfanonin da ke garinta, ta san tsofaffin ɗalibanta da ke manyan wurare, malamai suna zuwa duba ɗalibai a wuraren koyon aiki duk shekara, sun san inda ake koyarwa da gaske da inda ake aiken yara sayen abinci. Me zai hana kowane sashe ya tattara wannan, kafin lokacin fita ya liƙa a allo ya tura a zauren WhatsApp na aji, wuri kaza na son mutum huɗu, wuri kaza biyu, ga abin da za a koya, ga ko ana ba da kuɗin mota ko ba a bayarwa, ga ranar rufewa? Ba kuɗi abin ke ci ba, mutum ɗaya ne mai kishi da waya. Akwai malaman da ke yin haka da kansu ba wanda ya sa su, Allah ya saka musu, amma in malamin ya yi ritaya ko ya tafi ƙaro karatu shikenan abin ya mutu.

Da aka buɗe N-Power, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin wucin gadi, a 2016 na sake ganin irin wancan layin a kafe, sai dai wannan karon fom kyauta ne, gwajin a intanet, ba wanda aka ce ya je fili. Aka ɗauki 200,000 a zagayen farko ana ba su naira 30,000 a wata, aka tura su makarantu da asibitocin unguwa da aikin gona. Shirin yana da nasa matsalolin, jinkirin biya da rashin sanin makoma bayan an gama, kuma an dakatar da shi a 2023, wannan magana ce ta wata rana. Na kawo shi ne kawai don a ga cewa ana iya karɓar takardun dubban ɗaruruwan mutane ba tare da an taka kowa ba.

Abin da ya rage daga 2014 wanda bai mutu ba shi ne ɗabi'ar biya. An koya wa mutane cewa neman aiki da kuɗi ake yi, gwamnati da kanta ta karɓa, toh 'yan damfara sai suka gaji kasuwar. Yanzu duk sati sai kaga talla yana yawo, da tambarin wata hukuma an kwafo, ana cewa an buɗe ɗaukar aiki a biya dubu biyu ko biyar na fom ta wata lambar asusu mai sunan mutum, ko a ce tura wa zaure biyar kafin shafin ya buɗe maka, ko a nemi lambar BVN da lambar da banki zai turo maka. Hukumomin da kansu suna ta fitar da sanarwa cewa ba su buɗe ba kuma ba sa karɓar kuɗi, amma sanarwar ba ta gudu kamar yadda tallan ƙaryar ke gudu, kuma masu tura shi ba mugaye ba ne, ƙanwarka ce da abokinka da limamin unguwa, kowa na ganin taimako yake yi.

Ni dai tun daga wancan lokacin na canja yadda nake yi. Har yanzu tsofaffin kwastomomi da ƙannensu suna turo min talla su ce Malam duba mana wannan. In akwai kuɗin fom ba na turawa gaba, ko sunan wa ke kai. In ba a faɗi ko mutum nawa ake nema ba, ko ba ranar rufewa, ko na shiga ainihin shafin hukumar ban gan shi a can ba, sai in ce a dakata. In kuma an ce kowa ya hallara wuri ɗaya rana ɗaya ba tare da an fitar da sunayen waɗanda aka tace ba, kai tsaye nake cewa kada ka je, wasu suna jin haushina a kan haka, suna ganin ina tare musu arziki, wani ya taɓa ce min Malam kai fa kana da sana'a shi ya sa. Ban yi masa musu ba don gaskiya ya faɗa, wanda yake da abin yi ba zai san zafin zaman gida ba.

Yaron nan mai jakar leda ya dawo kafe ranar Litinin bayan jarabawar. Ƙafarsa ɗaya a kumbure, kambas ɗin da ya aro ya ɓace a wajen, yana tunanin yadda zai biya mai shi. Na tambaye shi ya jarabawa, yace Malam ko takardar ban gani ba. Ya ɗan zauna a benci yana kallon masu shiga da fita, can sai ya buɗe jakar ya ciro takardunsa, yace yaji ance wani banki ya buɗe, in duba masa ko shekarunsa ba su wuce ba.